Alwalar da Baba Ya Ɗauko daga Teku

Maƙwabta mun gaya musu yawon buɗe ido za mu je Legas. Ba ƙarya muka yi ba, amma ba shi ne ya tayar da mu ba. Fushi ne ya tayar da mu, fushin Baba. Ni da na gaji rabin halinsa na san irin fushin nan sarai: ba ya ihu, ba ya zagi, zama yake yi a ciki yana tsumuwa.

Baba malami ne. Kullum bayan sallar asuba magidanta ke cika zaurenmu a Gwandu, 'yan kasuwa da manoma da wani tela, kowa da littafinsa, yana karanta musu yana fassarawa. Duk mai fara fiƙihu da babin ruwa yake farawa, wato wane ruwa ake alwala da shi, wane ne ba a yi. Ruwan sama, ruwan rijiya, ruwan gulbi, ruwan teku. Tun ina yarinya ina sharar tsakar gida nake jin jerin nan ta katanga har na haddace. In ya zo kan teku sai ya sassauta murya, ya ce ruwansa gishiri ne amma yana da tsarki kuma yana tsarkakewa, sannan ya buɗe hannuwa ya kwatanta faɗinsa. Haka mahaifinsa ya karantar a zauren nan, haka kakansa. Su ukun babu wanda ya taɓa sa teku a ido. Babban ruwan da Baba ya sani shi ne fadama idan damina ta cika ta.

To, yana da wani taubashi a Kalgo, ɗan kawunsa, mu muna ce masa Kawu. Direba ne, ya yi shekaru yana kai albasa Legas, wadda su ke ce wa Ikko, kafin ya koma jan ƙaramar bas. Wasan taubasai kowa ya san shi, ba a fushi da shi, amma na Kawu ya wuce gona da iri. Wata safiya ya faɗo zaure ana tsakar karatu, riƙe da 'yar jarka. Ya durƙusa kamar mutumin kirki, ya ce, "Malam, tsaraba na kawo maka daga Ikko. Ruwan teku ne, da hannuna na ɗebo."

Baba ya karɓa da hannu biyu. Ya sa aka kawo ƙwarya, ya tsiyaya, ya duba launi, ya shinshina, ya ɗanɗana. Ya miƙa aka zagaya da ita, kowa ya sa harshe. "Kun ji ko?" in ji shi. "Abin da nake gaya muku ke nan." Tela har ya shafa a fuska.

Kawu ya bari sai da ƙwarya ta dawo hannun Baba, sannan ya tuntsire da dariya har hularsa na faɗuwa. Ashe ruwan rijiyar gidansa ne a Kalgo, ya kaɗa masa gishirin miya.

Ɗalibai suka sunkuyar da kai, kafaɗu na rawa. Baba ma ya yi dariya, don haka al'ada ta ce. Ni kuwa da labari ya iso cikin gida na cika na batse, na ce wallahi da ni ce da na sheƙa masa ƙwaryar a ka. Inna ta ce in rufe mata baki, taubashinsa ne.

Da hantsi Baba ya shigo, ya zauna a kan tabarma, ya ƙi taɓa fura. Can ya ce wa Inna, "Zan tafi Ikko. Zan yi alwala a cikin tekun nan da hannuna. Kuma ba zan sake ta ba sai na kawo ta Gwandu na yi salla da ita a masallacinmu."

Inna ta ajiye ludayi. "Malam, alwala ce ko buhun gero da za a ɗauko daga Ikko? In ruwan kake so, a ɗebo maka a jarka mana."

Kallon da ya yi mata, ni kaina sai da na matsa gefe. "Kada a ƙara ambata mini jarka a gidan nan."

Daga Legas zuwa Gwandu tafiya ce ta yini guda cur har da ɗoriya. Alwala kuwa ba ta da wuyar karyewa: mutum ya zaga bayan gida, ko iska ta kuɓuce masa, ko barci mai nauyi ya ɗauke shi, shi ke nan ta tafi. Ga Baba ya haura saba'in, kuma ko zuwa Birnin Kebbi za mu yi sai an tsaya masa a hanya. Na lissafa masa wannan duka, da ɗan zafi-zafi kuwa. Ya saurare ni tsaf, ya ce na gama? Na ce na gama. Ya ce to in je in shirya kayana, da ni za a tafi.

Yayanmu na aiki a Legas, ya daɗe yana roƙon su Baba su zo su ga gari suna ƙi. Da aka buga masa waya murna kamar ya yi tsalle, bai san abin da ke ƙasa ba. Muka tsayar da ranar tafiya a hutun makaranta, tunda koyarwa nake yi a firamare. Ni da Inna da Baba da 'yata 'yar shekara shida. Direba kuwa Baba ya kafe kai da fata sai Kawu. "Shi ne shaida," in ji shi. "Ina so a yi a gaban idonsa." Kawu da ya ji sharaɗin ya ce ko kyauta ne zai je, irin wannan kallo ba a bari ya wuce mutum.

Kafin tafiya Baba ya shiga gwaji. Ya daina shan shayin safe, ya rage fura, ya yi sallama da wake da kabewa. Ya kan yi alwala da asuba ya ga inda za ta kai shi. Ranar farko hantsi, rana ta biyu azahar. Ran da ya kai magariba ya shigo gida yana tafiya a hankali, ƙafafu a haɗe, yana murmushi, ya wuce mu da sauri ya yi bayan gida. Ni kuma ya ba ni aikina: a hanyar dawowa zan zauna a bayansa, da na ga kansa ya fara langaɓewa in taɓa kafaɗarsa. Ya ce Inna tausayi gare ta, Kawu maƙiyi ne, ni ce mai taurin zuciyar da za ta iya. Na rasa ko yabo ne ko zagi.

Mun yi kwana biyu ana yawo da mu a Legas. Yaya ya kai mu kasuwar da ba ta da ƙarshe, ya kai mu wani katafaren kanti mai matakalar da ke tafiya da kanta. Inna ta ce ko za a yanka ta ba za ta taka ba. Da ta ga jikarta ta hau ta sauko lafiya sai ta rufe ido ta taka, daga nan kuma sai da muka roƙe ta ta bari, ta hau ta sauko har sau huɗu. Ta sayi robobi da roba mai murfi da wata tukunyar da har yau ba ta dafa komai a ciki ba. Baba dai yana biye da mu, hannu a baya, ko a jikinsa. Gidajen da suka tokare sama ma kallo ɗaya ya yi musu ya ce Allah ya kyauta wa mai ɗebo ruwa a can.

Sai da muka hau doguwar gadar nan da ke ratsa ruwa ya farka. Ruwa hagu, ruwa dama, ga jiragen kwale-kwale can nesa. Ya dafe gaban mota ya ce, "Tsaya! Tsaya nan!"

Yaya ya ce ba a tsayawa a kan gadar, kuma wannan ba teku ba ne, ɗan ruwa ne da ya shigo cikin gari.

"Wanga ne ɗan ruwa?"

"Malam," in ji Kawu, "randa ka gani, ba a kai ka rijiyar ba tukuna."

Baba ya mai da ido kan ruwan. Har muka sauka daga gadar yana kallon taga, hannuwansa biyu a kan gwiwa. Ya hana a kai shi bakin teku sai ranar komawa, wai ba ya son ya gan shi bai taɓa shi ba.

Ranar komawa muka yi sallar asuba, aka ɗaure kaya a bas, robobin Inna a sama. Baba ya shiga bayan gida ya daɗe, ya fito, ya sake komawa don a tabbata. Tun jiya da la'asar bai sha ruwan kirki ba. Rana na fitowa muka isa bakin teku.

Kafin mu gan shi muka ji shi, wani irin ruri kamar manyan motoci na sauke tsakuwa ba tsayawa. Muka hau tudun yashi, sai ga shi. Ni dai na kama hannun 'yata na matse har ta yi ƙara. Inna ta ce, "La'ilaha illallahu," ta zauna daɓas a yashi, ta ce nan ne iyakarta. Babu ɗaya gaɓar. Na duba, na ƙara dubawa, babu. Baba ya tsaya, iska na kaɗa masa riga, bakinsa na motsi ba a jin abin da yake faɗa. Can gefe wasu mutane cikin fararen riguna, ba takalmi, suna ta addu'arsu suna kaɗa ƙararrawa. Baba ya dube su ya gyaɗa kai, ya ce ashe ba shi kaɗai ya zo da buƙata ba.

Sai ya tuɓe takalmi, ya naɗe hannun riga, ya ɗauki butarsa ya gangara. Ya je daidai inda yashi ya jiƙe ya tsuguna, yadda ake yi a bakin gulbi. Ya miƙa buta zai ɗiba, ruwa ya ja da baya ya bar shi da yashi. Ya matsa gaba a tsugune. Ruwa ya ƙara ja. Ya ƙara matsawa.

"Baba, dawo!" in ji Yaya. "Zai dawo!"

Bai rufe baki ba ruwan ya dawo. Ya daki Baba a ƙirji, ya kwantar da shi rigingine, ya wuce ta kansa, ya koma da buta da hula. Na ƙwalla ihu na ruga. Kawu kuwa ya faɗi a yashi yana riƙe da ciki.

Muka ɗago shi yana tari, yashi har cikin kunne. Kawu ya ce, "Malam, ai an gama! Wanka ma ka yi, balle alwala. Mu kama hanya."

"Ban yi niyya ba," in ji Baba. Ya tofar da yashi. Sai ya ƙura wa ruwan ido, ya nuna farin kumfan da ke bakin gaɓa. "Wa ya yi wanki da sabulu a nan? In sabulu ya canza shi ba a alwala da shi."

Sai da Yaya ya rantse masa cewa haka kumfan yake tun da Allah ya yi teku. Bai yarda ba sai da ya kamfato ya shinshina, ya ɗanɗana, ya yamutsa fuska. Ya juya ya dubi Kawu ya ce, "Naka bai kai wannan ba. Rowar gishiri ka yi."

Tunda ba buta, kuma ruwan ba ya tsayawa wuri ɗaya, dole aka shiga ciki. Yaya ya riƙe shi ta dama. Wani dattijo daga cikin masu fararen riguna ya ga muna fama, ya zo ya riƙe shi ta hagu. Ruwa iya gwiwa, yana zuwa yana komawa, Baba a tsakiya. Ya yi bisimilla ya wanke hannu. Ya kurkure baki sau uku, kowanne da irin fuskar da ya yi. Da aka zo shaƙa ruwa a hanci na ce, "Baba, sau ɗaya ya isa!" Ya harare ni ya shaƙa. Atishawar da ya yi sai da mutanen can suka dakata da ƙararrawa. Ya shaƙa na biyu, ya shaƙa na uku, hawaye na zuba, bai rage ko ɗaya ba. Ya wanke fuska, ya tsefe gemu, ya wanke hannuwa har gwiwar hannu, ya shafi kai da kunnuwa. Wankin ƙafa ne ya fi wuya, don sai ya ɗaga ɗaya ya cuɗa tsakanin yatsu, su biyun suna tangaɗi da shi. Da ya gama ya ɗaga yatsa ya yi shahada. Dattijon ya sake shi, ya ɗan rusuna, ya koma wurin mutanensa.

A bayan bas ya tsaya zai sauya jiƙaƙƙun kaya. Inna ta matso da busasshiyar riga za ta taimaka masa, sai ya ja da baya kamar ya ga wuta. "Kada ki taɓa ni!"

Inna ta tsaya sororo. Kowa ya san taɓa mace ba ya karya alwala sai in da sha'awa. Ta dube shi sama da ƙasa ta ce, "Malam, a wannan shekarun namu?"

"Na dai ce kada ki taɓa ni."

Ta miƙa wa Yaya rigar ta shige mota tana gunaguni. Amma na gan ta, har muka wuce Ibadan tana murmushi ita kaɗai tana gyara ɗaurin kallabi.

Muka yi sallama da Yaya muka ɗauki hanya. Baba a gaba kusa da direba, ni a bayansa daidai, Inna da yarinya a gefena. Ya zaro carbi ya riƙe a hannun dama, ya ɗaga ya nuna mana. Ya ce gyangyaɗi ba ya karya alwala, barci mai nauyi ne ke karyawa, kuma alamarsa ita ce abu ya faɗi daga hannun mutum bai sani ba. In carbin nan ya faɗi bai ji ba, magana ta ƙare. Ya jefa goro a baki.

Kawu ya fara aikinsa tun ba mu fita daga cunkoson Legas ba. Ya sayi kunun zaƙi mai sanyi yana zuƙa da ƙarfi yana lumshe ido. Ya sayi ƙosai ya ajiye a gaban Baba. Duk bayan ɗan lokaci sai ya faka a gefen titi, ya ɗauki buta ya shiga ciyawa, ya dawo yana miƙa. "Kai, alhamdu lillahi! Babu abin da ya kai mutum ya sauke nauyi daɗi." Sauran ruwan butar kuma sai ya tsaya daidai tagar Baba ya tsiyaye shi a hankali, tsurrr, har ya ƙare.

Na ce, "Kawu, ka ji tsoron Allah!"

"Ɗiyata, shaida aka kira ni. Shaidar da ba ta gwada abu ba ai ba shaida ba ce."

Baba ya ce in ƙyale shi, in yi aikina. Na shiga yi masa tambayoyi don kada ya yi barci. Na tambaye shi rabon gado, na tambaye shi zakkar shanu, na tambaye shi sunayen ƙauyukan da ke tsakanin Gwandu da Ceberu. Da tambaya ta ƙare na fara ƙirƙiro gardama, na ce ni ban yarda da kaza ba. Nan fa ya wartsake, ya juyo yana yi mini faɗa, ya ce wa ya karantar da ni. Na ce shi. Muka yi ta yi har Ogbomosho, kuma ban ɓoye ba, na ji daɗin faɗan nan.

A Ilori muka tsaya sallar azahar da la'asar a haɗe, irin ta matafiya. Masallacin tasha cike, mutane sun yi layi suna jiran buta. Baba ya sauko daga mota, ya gyara riga, ya ratsa ta gabansu kai tsaye ya shiga sahu. Kawu na tsugune yana wanke ƙafa, Baba ya ɗan tsaya a kansa ya ce, "Yi sauri, ɗan Kalgo. Mu masu alwalar teku ba ma jira." Ina daga wajen mata ina hango shi, siririn tsoho da hular aro, ya miƙe ƙyam. Ban taɓa son sa kamar lokacin ba.

Daga nan rana ta buɗe wuta. A gadar Jebba Kawu ya rage gudu, ya ce, "Malam, dubi ruwa, dubi yadda yake gudu abinsa." Baba ya runtse ido. Na taɓa kafaɗarsa na ce ya buɗe. Ya buɗe, ya ce in bar shi, idonsa biyu. Muryar ce ba ta fita sosai. Kawu ya waiga ya dube shi, ya ga leɓɓansa sun bushe sun yi fari, goron ma ya kasa taunawa. Dariyar ta ɗauke daga fuskarsa. Ya ɗauko ruwan leda ya miƙa masa. "Kurɓa ɗaya, Malam. Shan ruwa ba ya karya alwala."

"Shansa ba ya karyawa. Fitarsa fa?"

Daga nan Kawu bai ƙara tsokana ba, bai kuma ƙara fakawa ba. Muka wuce Mokwa, motar ta yi tsit. Yarinya ta yi barci a cinyar Inna. Na sake jawo wata gardama, Baba ya ce, "Uhm." Na ce ban yarda da hukuncin kaza ba, ya ce, "To." Sai na ga kansa ya fara sunkuyawa.

Na ɗaga hannu zan taɓa shi. Hannuna na sama idona ya sauka a kan ƙeyarsa. Wuyan ya rame, jijiyoyi biyu sun fito, ga yashin teku maƙale a cikin tamojin fata. Tun jiya ba ci ba sha. Ruwa ya kayar da shi da safe, ya tashi. Ga sauran tafiya mai tsawo a gaba. Na ce a raina bari ya ɗan huta kaɗan, gyangyaɗi ne, yanzu zan tashe shi. Na sauke hannuna a kan cinyata. Ba wanda ya hana ni, ni na sauke shi.

Ba a jima ba na ji ƙaras. Carbi ya zame ya faɗi kusa da giyar mota. Baba bai motsa ba. Bakinsa ya ɗan buɗe, sai ga minshari siriri.

Kawu ya dubi carbin, ya dube ni ta madubi. Na jira dariya. Mutumin nan tun daga Kalgo ya tuƙo mota don wannan lokacin. Sai ya miƙa hannu ya kashe rediyo. Ya rage gudu, ya shiga kauce wa ramuka ɗaya bayan ɗaya kamar mai ɗauke da ƙwai. Inna ta zame yarinya daga cinyarta, ta duƙa ta tsakanin kujeru ta ɗauko carbin, ta saƙala shi a yatsun Baba ba tare da ta taɓa fatarsa ba. Ta koma ta zauna.

Ya yi barci mai daɗi, Allah ya sani. Rana ta yi ƙasa sosai, muna tsakanin Mokwa da Kontagora, sai wani rami da ba a iya kauce masa ya girgiza motar. Baba ya zabura. Abu na farko da ya duba hannunsa ne. Carbi na nan. Ya dubi rana, ya daɗe yana dubanta, ya shafa gemu.

"Na yi barci?"

"Barci?" in ji Kawu. "Kai da ka ishe ni da wa'azi tun daga Jebba? Kunnena har zafi yake."

Baba ya juyo wajen Inna. Ta ce, "Idonka biyu, Malam. Ga carbinka a hannu."

Sai ya ƙara juyowa har ya iya ganina sosai. Idanunsa sun yi ja. "Ke na sa tsaro. Na yi barci?"

Inna ta take mini ƙafa. Kawu ya kafe ni da ido ta madubi. Kalma huɗu ce kawai, ba ka yi ba, mu wuce, ya shiga masallacin kakansa ya yi sallarsa, gobe Kawu ya ba da shaida a zaure. Wallahi na so in faɗe ta, har na buɗe baki. Amma salla zai yi da ita, a gaban Allah, kuma shi ya karantar da ni.

"Ka yi, Baba. Carbin ya faɗi. Na ga kanka na sunkuyawa, ban tashe ka ba."

Inna ta ja tsaki ta juya wa taga fuska. Kawu ya daki sitiyari ya ce, "Kai, wannan ɗiya! Wannan ɗiya!" Baba ya juya ya fuskanci gaba, muka yi 'yar tafiya a haka. Sannan ya ce, "Faka."

Ya karɓi butar Kawu ya shiga daji. Ya daɗe. Ya daɗe har Kawu ya ce ko a bi sawu. Da ya fito tafiyarsa ta sake, fuskarsa ta saki, ya ce, "Ɗan Kalgo, yau ka faɗi gaskiya ɗaya. Babu abin da ya kai sauke nauyi daɗi." Kawu ya yi dariya, amma ba irin tasa ba. Baba ya shanye ruwan leda biyu a tsaye, ya ci ƙosan da ya sandare tun safe. Ya ce wa Kawu ya je ya faɗa a kasuwar Kalgo, ya yafe masa. Kawu ya ce shi bai ga komai ba, tuƙi yake yi.

Magariba ta kusa. Baba ya ɗauki wani ruwan ledar ya je gindin wata bishiya ya tsuguna zai yi sabuwar alwala. Na bi shi na tsaya daga baya. Ya naɗe hannun riga. Gishirin safe ya bushe a kan fatarsa, fari-fari a tsakanin gashin hannu. Ya tsaya yana kallonsa, ledar a ɗaya hannun, bai fasa ta ba.

"Baba, ka yafe mini."

Bai ɗago ba. "Da kin ce ban yi ba," in ji shi, "da na yarda."

Nan kuka ya ƙwace mini, ni da ake ce wa mai taurin zuciya, a bakin titi, manyan motoci na wucewa. Ya bar ni na yi mai isata. Sannan ya fasa bakin ledar da haƙori, ya miƙo mini, ya tara hannuwansa biyu.

"Zuba mini," in ji shi.

Na tsuguna a gabansa na zuba.